Ayar da Ta Hana Mu Tashi

Bana ruwa ya yi mana irin wasan da na sani. Ya sauko sau ɗaya da ƙarfi, har kwatar ƙofar gidanmu a nan Isa ta cika ta batse, mutane suka kwashi iri suka nufi gonakin bakin gari, don na nesa yanzu ba mai zuwa sai wanda ya gaji da ransa. Gero ya tsiro, ya buɗe kunne, sai sama ta share fes. Kullum da la'asar ina zaune gindin darbejiya ina duban gabas. Mutanen ƙauyukan wajen Gatawa kuma sun cika makarantar firamaren da ke bayanmu. Su ba fari ne ya koro su ba, 'yan bindiga ne, amma ƙunshin kayan da ke kan matan, da yadda yaran suka daina kuka, duk na san su.

Jikata Murna tana da waya, kuma kowace safiya wayar tana haifo mata aya guda, an zagaye ta da furanni. Sai ta zo ta tsaya a kaina tana karantawa da murya irin ta masu rediyo. In ta gama sai in ce, "To, mi anka ce kahin nan? Wa anka hwaɗa ma haka, kuma shina ina?"

Sai ta turo baki. "Kai Kaka, ke ba a yi maki gwaninta. Aya ta, ki ce amin mana."

Amin ɗin ina cewa, amma sai na sa tabarau na buɗe Littafi Mai Tsarki na ga abin da ke sama da abin da ke ƙasa. A coci ma sun san ni. Matan zumunta suna cewa tsohuwar nan akwai son karatu, akwai tsoron Allah. Ina barinsu da zatonsu. Ni dai na san ba ibada ce ta kai ni ajin karatu ba, fushi ne.

Ƙauyen da aka kai ni aure yana tsakanin Gatawa da Sabon Birni, nesa kaɗan da gulbi. Mu Kirista gida uku ne a gefen gari, sauran duk Musulmi, kuma dangi ne, don kakanni ɗaya muka haɗa. Ana gayya tare, ana suna tare, in sun yi layya ƙwaryar nama tana shigowa gidanmu. Surukina ne ya fara karɓar addinin. Ya rasu kafin a kawo ni, ya bar wa mijina gona, da jaki, da Littafin. Littafin nan yana cikin jakar fata, a rataye jikin azarar ɗaki. Ranar Lahadi akan sauko da shi, a shimfiɗa tabarma, a buɗe shi a gaban maigidana, shi kuma ya yi ta jero ayoyi da ka. Duk gidajen nan uku babu wanda ya iya karatu. Wani mai bishara ne yake zuwa a kan keke jefi-jefi, ya biya musu aya ɗaya ko biyu su haddace, kamar yadda yaran makwabtanmu ke haddace allo. Da abubuwa suka fara tsanani, keken ya daina zuwa.

Cikin ayoyin da maigidana ya gada akwai biyu da ya fi so, don labarin mai sunan surukina ne. Sunan ba zai fito daga bakina ba, masu karatu sun san shi, yana can farkon Littafin. Ta ɗaya tana cewa an yi yunwa, Allah ya hana shi gangarawa ƙasar da kowa ke zuwa neman abinci, ya ce ya zauna a ƙasar nan, zai kasance tare da shi. Ta biyu tana cewa ya yi shuka a ƙasar, ya girbe riɓi ɗari a shekarar. Iyakar abin da muka sani game da mutumin ke nan.

Farin ya zo ne 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, kuma bai zo rana ɗaya ba. Daminar farko ruwa ya ɗauke gero yana bununi, muka samu abin da bai kai rabin rumbu ba. A shekarar na haifi 'yata ta fari. Muka ci rani da dabara. Na rage fura ta koma sau ɗaya, na daina zubar da dusa, tuwo ya koma na dare kaɗai. Da bazara ta shigo, zafi ya yi irin wanda ban sake ji ba. Ƙasa takan ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Rijiyar gari ta ja baya, sai an ƙara igiya kan igiya, gugan ya fito da rabin laka, a zuba a randa a jira ya kwanta. Fulani da Buzaye suka riƙa gangarowa daga arewa da shanun da ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Saniya takan durƙusa a bakin hanya, mai ita ya tsaya a kanta har ta daina motsi, ya feɗe fatar ya wuce. Warin mushe ya zauna a garin har muka daina jinsa.

Duk da haka aka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, don in ya sauka ya tarar da iri yana jiransa. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu mata a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, 'yata a goye tana ta zufa. Gayya ce, amma gayyar da ba a kai mata fura. Kowa ya sha ruwa ya koma gidansa. Sai aka yi yayyafi, wanda ya isa ya ta da iri, bai isa ya raya shi ba. Ƙanshin ƙasa ya tashi, yara suka fita suna tsalle. Gero ya tsiro layi-layi, kore shar, muka yi ta zuwa kallonsa safe da yamma. Sannu a hankali ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, iska ta kwashe shi.

Musulmi suka fita roƙon ruwa bayan gari, da riguna a juye, har da tsofaffin da sai an riƙe su. Mu ma muka taru a tsakar gidanmu muka yi azumi, ko da yake a lokacin azumi da rashinsa ba su da wani bambanci. Hadari yakan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, a yi ta tsawa, mu fito da tukwane da ƙore mu jera. Sai iska ta taso ta watsa shi. Aka sake shuka karo na biyu bayan wani ɗan ruwan, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Daga nan aikin mata ya koma daji. Da asuba mukan fita neman anza, 'ya'yan wani ɗan itace mai ɗacin tsiya. Sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa ana sauya ruwa har ɗacin ya ragu, ga ruwan ma ba shi da yawa. Mun ci tafasa, mun ci ganyen aduwa, mun kakkaɓe ƙarangiya mun sussuke ɗan ƙwayar da ke cikinta, ƙaya duk ta cinye mana hannu. Mun tona gidan tururuwa mun kwashe abin da suka tara. Ranar da na fara yin haka na ji kunya, daga baya har faɗa na yi da wata mata a kan rami guda. Garin ya yi tsit, ba a jin daka. Wanda bai zauna a garin da turmi ya yi shiru ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Mutane suka fara tashi. Makwabcinmu Malam Umaru, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ɗan'uwan surukina ne ta wajen uwa, kuma shi ke koyar da yaran unguwa. Wata safiya ya yi sallama ya zauna bakin zaure da maigidana. Ina daga ciki ina jin su.

Ya ce, "Nomau, jibi za mu kama hanya. An ce wajen Funtuwa an yi ruwa, akwai ƙwadago gonakin auduga. Ka ɗauko iyalinka mu tai tare. Jakinka da nawa sun isa kai mu Isa, can mu samu mota."

Maigidana ya ce, "Baba Malam, ku sauka lahiya. Mu an hana mu tashi."

"Wa ya hana ku?"

Sai ya biya masa ayoyin nan biyu, a nutse, har da ɗan daɗin murya. Malam ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Sa'an nan ya ce, "Magana ta yi kyau. Amma mu wurinmu, in anka kawo aya, sai mun tambayi dalilin saukarta. Shi wanga bawan Allah, ina yake sa'ad da anka ce mashi shi zamna? Mi ya hwaru kahin nan?"

"Yana ƙasarsu mana. Ina za shi kasance?"

"Ka gani cikin Littahin, ko kau zato kaka yi?"

Nan ran maigidana ya ɓaci. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma in aka taɓa abin da ubansa ya bar masa sai ya zama dutse. A ganinsa Malam yana so ya nuna masa addininmu ba shi da tushe ne. Ya ce, "Baba Malam, ban taɓa shiga karatunku ba." Malam ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Da zai fita ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Ladi, in kin ga dama ki ba Habsu ɗiyar ta tai da ita." Habsu matarsa ce. Ban ba da ita ba. Yarinya tana nono, kuma ni matar aure ce, ba a tambaye ni ba tun farko.

Suka tafi. Bayansu sauran gidajen Kirista biyu ma suka tafi, maigidana ya raka su bakin gari yana yi musu addu'a, ya dawo yana cewa bangaskiyarsu ce ta yi rauni. Garin ya rage daga tsofaffi sai waɗanda ba su da ƙafar tafiya, sai mu.

Akwai sauran iri a gidan, cikin wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Shi ne gero na ƙarshe. A lokacin nonona ya fara ƙafewa. Yarinyar takan kama ta ja, ta ja, ta saki ta dube ni. Cikinta ba ya riƙe anza, in na ba ta sai gudawa. Na sami maigidana yana gyara ƙotar sungumi, na durƙusa na ce, "Maigida, ka bar mani irin ga in riƙa dama mata kunu. Ko ba mu tashi ba, shi kai ta wani lokaci."

Ya dube ni da tausayi, wallahi da tausayi, ya ce, "Ladi, shi mai sunan Baba cikin yunwa yay yi shuka. Da ya dama nashi kunu, da mi za a riɓanya mashi?"

Ya ɗebar mini cikin tafin hannu biyu, sauran muka kai gona. Ni na jefa shi da hannuna, ni na rufe da diddigena. Ina tafe ina jin nauyin yarinyar a bayana, nauyin da kullum raguwa yake yi. Wannan shukar ko tsirowa ba ta yi ba. Tururuwa da tsuntsaye suka raba.

Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kakanni da gwaggwanni ke yin wannan, su kuwa duk sun tafi. Don haka yarinyar nan ta yi ta ƙanƙancewa a hannuna, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, ni kuma ina ta kame fuska kamar 'yar wani ce aka ba ni riƙo. In ba kowa nakan sa bakina a kunnenta in kira sunanta a hankali. Ta fara koyon tafiya kafin bazara, tana bin bango. Daga baya ta koma rarrafe, daga baya zama ma sai an tallafe ta.

Ta rasu da rana tsaka, a kan cinyata, a inuwar rumbun da babu komai cikinsa. Ina korar mata ƙuda, sai na lura ƙudan ya sauka a gefen idonta ba ta ƙifta ba. Tsofaffin Musulmi biyu suka taya maigidana haƙa. Ƙasar ta yi tauri, su kuma ba ƙarfi, suna yi suna hutawa har rana ta karkata. Ban yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yaba mini.

Ba mu daɗe ba bayan haka muka tashi. Ba wanda ya ce wa wani mu tafi. Jakin ya riga ya mutu, maigidana ya wayi gari ya sauko da jakar Littafin ya rataya a wuya, na ɗauki tukunya da tabarma, muka taka har Isa, muka hau bayan babbar mota. Da muka wuce Gusau na fara ganin dawa tsaye a gona, kore, ta fi mutum tsawo. Ashe duk wannan lokacin abinci yana nan, tafiyar da ba ta fi ƙarfin mai goyo ba. A wajen Funtuwa muka tarar da Malam Umaru. Sun sha wuya, suna kwana a rumfar kara, amma yaransa duk suna nan, har autan da aka haifa wata ɗaya da tawa yana gudu tsakanin bukkoki. Habsu ta dubi bayana ta ga ba goyo, ta rungume ni. Malam kuwa har ya mutu bai tayar da maganar zaure ba.

Mun yi shekaru a can kafin mu dawo mu zauna Isa. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan. Amma maigidana bai taɓa ganin kuskuren a zaman da muka yi ba. A wurinsa kuskuren tashin ne. Kowace damina, ruwan farko yana sauka zai ce, "Da mun ƙara haƙuri kaɗan, Ladi. Gwaji na anka yi muna, munka kasa." Yana azumi a kai, yana neman gafara. Ban iya yi masa musu ba, don shi yana da aya, ni ba ni da komai sai kabari.

Shi ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a cocin da muke zuwa, na riga kowa zama. Ina da goyo, ina da tallan ƙosai, ga kan da ya riga ya taurare. Yara suna leƙowa ta taga suna dariyar yadda nake riƙe alli. Ban damu ba. So nake in je in sami ayar nan a gidanta, in dube ta ido da ido, in ji ko da gaske Allah ne ya ce a shuka kunun 'yata. Na daɗe kafin in iya haɗa baƙi, na ƙara daɗewa kafin in gano wurin, don ban yarda in tambayi kowa ba. Na fara daga shafin farko ina bi da yatsa.

Ranar da na iso wurin, ina zaune a bayan ɗaki da hantsi, na karanta babin tun daga kansa. Layin farko ya ce an yi yunwa, mutumin ya tashi ya tafi ƙasar wani sarki, ta wasu mutane daban. Yana can, a baƙunci, aka ce masa kada ya ƙara gaba, ya zauna nan. Ƙasar da ya yi shukar ba tasa ba ce, ƙasar da yunwa ta kai shi ce. Gaba kaɗan ma mutanen wurin suka kore shi, ya sake tashi, yana haƙa rijiya ana ƙwacewa yana ƙara gaba. Mutumin da muka zauna dominsa, shi tafiya ya yi ta yi.

Na zaci in na gano gaskiya zan ji sanyi. Ban ji ba. Na rufe Littafin na je na ɗora tukunya. Kuma ban gaya wa maigidana ba. Shekara da shekaru ina karanta masa duk inda ya ce, ban da wannan babin, shi ma bai taɓa nema ba tunda yana da shi a ka. Ina ganin nauyin da yake ɗauke da shi, na san wanda ke hannuna ya fi shi.

Sai da ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Wata damina ruwan farko ya sauka da yamma, muna zaune a baranda, ya sake faɗin maganar tasa ta kullum. Sa'an nan ya ce, "Ɗauko Littahin ki karanta mani wurin mai sunan Baba. Ban taɓa jin shi daga takarda ba."

Na ce, "Ayar kaɗai, ko dut babin?"

Ya ce, "Akwai bambanci?"

Na karanta daga farko. Ban ƙara ba, ban rage ba, muryata ma ban sauya ba. Na kai ƙarshe, ruwa yana ta zuba daga indararo.

Ya ce, "Koma farkon."

Na koma.

"Ashe ya tashi."

"Ya tashi, Maigida."

"Wurin da anka ce ya tashi, da wurin da nih hardace, nesa su ke da juna?"

Na kamo hannunsa na ɗora a kan shafin. Na sa ɗan yatsansa a layin farko, na ce nan ne ya tashi. Na gusa da shi ƙasa kaɗan, na ce nan ne taka ta fara. Ya mai da yatsan sama, ya dawo da shi ƙasa, ya sake, yana shafa takardar kamar mai neman ƙaya. Tsakaninsu bai kai faɗin yatsan nasa ba.

Ya janye hannunsa ya sa a cinya. Daga ranar bai sake cewa da mun ƙara haƙuri ba. Bai kuma sake cewa in karanta masa komai ba.